Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Sabon Maganin Daji da Horar da Ma'aikatan Jinya

Lacca da aka gabatar a gaban ma'aikatan jinya da ɗalibai da sauran jama'a a Kaduna, albarkacin Ranar Cutar Daji ta Duniya, 4 ga Fabrairu



 

An nemi in yi bayani a kan sabon maganin daji da ake ta jin labarinsa, wanda likitoci ke kira imunoterafi, wato maganin da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi daji da kanta. A cikin wannan lacca zan riƙa ce masa maganin garkuwa don sauƙi. Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce. Wannan magani ya riga ya fara shigowa ƙasar nan ta hannun masu hali, kuma nan da 'yan shekaru zai yawaita. Idan muka bari ya riga horon nas-nas isowa, za mu rasa mutanen da maganin ya fara yi wa aiki, saboda gudawa ko tari da ba a gane asalinsu a kan lokaci ba.

Girman abin da ke gabanmu

Cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai mutum kusan 128,000 ne suka kamu da daji a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Dajin mama ne a kan gaba da mutum sama da 32,000, sai dajin furostet na maza da kimanin 18,000, sai dajin bakin mahaifa da sama da 13,000.

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin mata a Asibitin Barau Dikko ko Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada ba ya buƙatar a karanta masa lissafi. Ya ga yadda ake zuwa. Ƙullutu ya fito a nono, an ce daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. An shafa wannan, an jiƙa wancan, an yi sakiya, shekara ta zagayo. Sai nono ya fashe yana wari, kishiya da 'ya'ya sun kasa zama ɗaki ɗaya da ita, sannan a naɗe shi da tsumma a kawo ta asibiti. Mafi yawan majinyatanmu a mataki na uku ko na huɗu muke fara ganinsu.

Makamai uku muka saba da su: tiyata, da kemo, da gashi da na'ura. Mutumin Kaduna da aka rubuta wa gashi ya san hanyar tashar Kawo, ya san tafiyar kilomita kusan 80 zuwa Zariya don ya isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko kuma ya nufi Abuja. Maganin garkuwa shi ne makami na huɗu.

Yadda maganin ke aiki

Tunanin ba sabo ba ne. A 1891 wani likitan tiyata a birnin New York mai suna William Coley ya lura cewa wasu masu daji suna samun sauƙi bayan sun yi zazzaɓi mai zafi sakamakon ƙwayar cuta ta shiga rauninsu. Sai ya fara yi wa majinyata allurar ƙwayoyin cuta da gangan. Wasu ƙarinsu ya narke, wasu zazzaɓin ya kashe su, kuma a wancan zamani babu wanda ya iya bayyana dalili.

Akwai misali mafi kusa da mu. Kusan kowa a zauren nan yana da ɗan tabo a damtse na allurar BCG da aka yi masa yana jariri don kariya daga tarin fuka. A 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya nuna cewa idan aka zuba wannan BCG ɗin a cikin mafitsarar mai dajin mafitsara da bai yi zurfi ba, garkuwar jiki takan taso ta hana dajin dawowa. Har yau ana amfani da wannan hanya a duniya.

Babban sauyin ya zo ne da aka gano abin da ke riƙe garkuwar jiki. A cikin jininmu akwai wasu fararen ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin T, aikinsu su nemo duk abin da ya lalace ko ya shigo daga waje su hallaka shi. Ku ɗauke su kamar ingarman doki. Allah Ya halicce su da linzami, domin doki mai ƙarfi da ba shi da linzami zai tattake har mutanen gida. Wayon daji shi ne yakan kama wannan linzami ya ja, dokin ya tsaya cak yana kallonsa. Farfesa Tasuku Honjo na Jami'ar Kiyoto a Japan ya gano ɗaya daga cikin linzaman, mai suna PD-1, a 1992. James Allison na Amurka ya nuna a 1996, a jikin ɓeraye, cewa idan aka saki wani linzamin mai suna CTLA-4, ƙari yakan narke. Su biyun suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2018. Magungunan da suka fito daga aikinsu sakin linzamin suke yi. Daga nan amfaninsu ya fito, daga nan kuma haɗarinsu ya fito, kuma ina roƙon ku riƙe wannan.

Amurka ta amince da na farkonsu, ipilimumab, a 2011. A 2014 aka amince da pembrolizumab, wanda ake sayarwa da sunan Keytruda, da nivolumab, mai sunan kasuwa Opdivo. An fara ne da dajin fata mai suna melanoma. Kafin zuwansu, wanda melanoma ta bazu a jikinsa da wuya ya wuce shekara. A wani babban gwaji da aka bi majinyata shekara goma, aka fitar da sakamakonsa a 2024, mutum 43 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa nivolumab da ipilimumab suna nan da ransu.

Dattawanmu za su tuna Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, wanda cibiyarsa ta haɗa hannu da Janar Yakubu Gowon wajen kawar da kurkunu a ƙauyukanmu. A Agustan 2015, yana da shekara 90, ya sanar cewa melanoma ta kama hantarsa ta kuma kai ƙwaƙwalwa. Aka yi masa tiyata a hanta, aka yi masa gashi a ƙwaƙwalwa, aka sa shi a kan pembrolizumab. A Disambar wannan shekara ya sanar cewa hoto bai nuna alamar daji ba. Bai rasu ba sai 29 ga Disambar 2024, yana da shekara 100.

Iyakarsa da tsadarsa

Kada labarin Carter ya ruɗe mu. Wani lissafi da aka buga a Amurka a 2019 ya nuna cewa ƙasa da rabin masu dajin da ya yi nisa ne suka cancanci wannan magani, kuma kimanin 12 cikin 100 ne ake sa ran ciwonsu zai ja da baya saboda shi. Melanomar da mu baƙaƙen fata muka fi yi, wadda ke fitowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, ba ta jin maganin kamar ta Turawa. Sau da yawa sai an gwada tsokar da aka yanko a ɗakin bincike kafin a san ko ya dace a bayar.

Duk da haka ya shafe mu kai tsaye. A 2020 aka amince da haɗin atezolizumab da bevacizumab don dajin hanta, wanda ke cin samarinmu saboda ciwon hanta nau'in B. A 2021 aka amince da pembrolizumab tare da kemo don dajin bakin mahaifa da ya yi nisa, da kuma wani nau'in dajin mama mai taurin kai wanda ba ya jin maganin homon, nau'in da ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa.

Ina jan hankalin iyayenmu a nan. Maganin da mai mota da lasifika ke tallatawa a bakin kasuwa, ko wanda ake turowa a WhatsApp da sunan mai ƙarfafa garkuwar jiki, ba shi da wata alaƙa da abin da muke magana a kai.

Batun kuɗi kuwa, a Amurka allura ɗaya ta pembrolizumab ta haura dala 10,000, wato sama da naira miliyan goma, ana yin ta duk sati uku, wani lokaci har shekara biyu. Ku auna wannan da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Akwai ma wanda ya fi shi tsada, wato CAR-T, inda ake ɗibar ƙwayoyin T na majinyaci a gyara su a ɗakin bincike a mayar masa. Na farkonsa ya fito a 2017 a kan dala 475,000.

Wani zai ce to me ya kawo mu ɓata lokaci a kan maganin da talaka ba zai taɓa gani ba? Dalilai uku ne. Na ɗaya, haƙƙin mallakar pembrolizumab zai fara ƙarewa a 2028, kuma kamfanoni da dama suna shirya irinsa. Mun ga haka da trastuzumab na dajin mama, wanda ya fito a 1998 da tsada mai ban tsoro, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance kwatankwacinsa mai rahusa a Disambar 2019. Na biyu, likitocin Asibitin Tata da ke Mumbai a Indiya sun gwada ba da miligiram 20 kacal na nivolumab duk sati uku, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na abin da aka saba bayarwa, tare da ƙwayoyin kemo masu araha, ga masu dajin baki da maƙogwaro. Sakamakon da suka fitar a 2022 ya nuna 43 cikin 100 sun kai shekara guda da rai, a kan 16 cikin 100 na waɗanda ba a ƙara musu shi ba. Na uku, ko a yau akwai 'yan Kaduna da ake yi wa allurar a Abuja, ko Legas, ko Alƙahira, ko Indiya, su dawo gida Malali ko Unguwar Rimi. Ranar da jikinsu ya rikice cikin dare, asibitin da ke kusa za a kai su, hannunmu za su faɗo.

Illolin da ke kama da cututtukanmu na kullum

Nas ɗin da ta saba da kemo ta san abin da take jira: amai, zubewar gashi, raguwar jini, ciwon baki, kuma ta san kwanakin da suke zuwa. Maganin garkuwa ba ya bin wannan tsari. Yawanci gashi ba ya zuba, amai ba shi da yawa, har dangi su fara ƙorafin an karɓi miliyoyi an ɗaura ƙarin ruwa kawai. Amma garkuwar da aka saki tana iya juyowa kan hanji, ko huhu, ko hanta, ko fata, ko zuciya, ko ƙwayoyin da ke samar da homon. Abin yana iya tasowa bayan sati biyu, yana iya tasowa bayan wata shida, har bayan an daina maganin. A gwajin melanoma da na ambata, kimanin mutum ɗaya cikin biyar na masu nivolumab kaɗai sun samu illa mai tsanani, a cikin waɗanda aka haɗa wa magani biyu kuwa fiye da rabi ne.

A Landan ko New York, mai daji da ya tashi da gudawa zai sa likita ya tsargu nan take. A Kaduna gudawa abin yau da gobe ce.

Mu ɗauka wata uwa ce a Badarawa mai dajin mama. 'Yan uwa sun yi karo-karo, an sayar da fili, an yi mata allura uku, ƙullutun ya fara motsewa, gida ya cika da hamdala. Sati biyu bayan ta uku sai gudawa. Aka aiki yaro kemis ya karɓo Flagyl da maganin tsayar da zawo. Kwana uku ba sauƙi, aka kai ta ƙaramin asibitin unguwa, aka ɗebi jini aka ce taifot ne, aka ɗaura ruwa aka sa allurai. Babu wanda ya tambaye ta wane magani ake yi mata na daji, ita ma ba ta san sunansa ba, abin da ta sani ƙarin ruwa ne. Kafin sati biyu jini ya fara bin bayan gida, hanji ya kumbura har ya huje. Daji bai kashe ta ba, kuma maganin da zai cece ta, prednisolone, yana nan a kan kantar kemis ɗin da aka fara zuwa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Yanzu mu sake ɗaukar matar nan, amma a hannun nas mai horo. Tun ranar allurar farko an ba ta ɗan kati mai ɗauke da sunan maganin, da ranar da aka yi, da lambar wayar sashe, an ce duk asibitin da ta shiga ta fara miƙa shi. An zaunar da ita da babbar 'yarta an gaya musu da Hausa cewa gudawa, ko tari, ko ƙaiƙayi, ko kasala, ba a jira, ba a zuwa kemis. Ranar da gudawar ta fara, 'yar ta buga waya. Nas ta ce a ba ta mai jikin.

"Mama, ina jiki? Yau sau nawa kika kewaya? Kafin a fara maganin nan fa, sau nawa kike yi a rana? Akwai jini ko majina? Cikin yana murɗawa? Kin tashi cikin dare?"

Waɗannan tambayoyi suna da ma'auni a bayansu. Idan ƙarin da aka samu a kan abin da ta saba bai kai sau huɗu a rana ba, ana sa ido, a sake kira gobe. Daga huɗu zuwa shida, ko kuma ga jini ga murɗa, yau za ta zo, a dakatar da allura ta gaba, a gwada bayan gida don a tabbatar ba ƙwayar cuta ba ce, likita ya duba batun fara prednisolone. Bakwai zuwa sama gado za a ba ta. Idan an fara prednisolone kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa cikin sati huɗu zuwa shida. Ku lura kuma, matar da ba za ta iya faɗin sau nawa ta kewaya a gaban likita namiji da surukinta ba, za ta faɗa wa sista a waya.

Haka abin yake ga sauran sassan jiki. Busasshen tari da haki, kowa zai ce tarin fuka ne, kuma da gaskiyarsa, domin Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka. Amma yana iya zama kumburin huhu na maganin garkuwa. Kuskure ta kowane ɓangare yana kisa: ka ba mai tarin fuka prednisolone shi kaɗai ka hura masa wuta, ka ɗora mai kumburin huhu a kan maganin tarin fuka ka ɓata kwanakin da ba su dawowa. Nas mai horo za ta maƙala masa na'urar auna iskar jini a yatsa yana zaune, ta sa shi ya taka zuwa ƙarshen baranda ya dawo, ta sake dubawa. Idan lambar ta faɗi, ba za ta bar shi ya koma gida ba.

Ido ya yi rawaya, a gida za a ce shawara ce a hau jiƙe-jiƙe, alhali hanta ce garkuwa ke ci, ko ciwon hanta nau'in B da ke kwance ya farka. Kasala da jin sanyi da nauyin jiki, za a ce jini ne ya yi ƙasa, alhali kusan mutum ɗaya cikin goma na masu pembrolizumab ƙwayar tayirod da ke wuyansu takan rage aiki. Ƙishirwa da yawan fitsari a watan Afrilu, wa zai kula? Amma yana iya zama ciwon suga da ya faɗo farat ɗaya, mai buƙatar insulin a ranar. Jiri da amai da faɗuwar awon jini, za a ce zazzaɓin cizon sauro ne, alhali ƙwayar da ke saman ƙoda ce ta daina aiki, kuma allurar hydrocortisone ce tsakanin mutum da kabari. Ciwon ƙirji da bugun zuciya ba su cika faruwa ba, wajen mutum ɗaya cikin ɗari ne, amma idan suka zo suna kisa da sauri.

Abin da horon ya ƙunsa

Takardar shaidar jinya ta gama-gari ba ta koyar da wannan, kuma ba laifin makarantunmu ba ne, domin lokacin da yawancinmu muka yi karatu maganin bai fito ba. Nas ɗin sashen daji tana buƙatar horo na musamman a kan abubuwa kamar haka.

Kafin allurar farko, ta tabbatar an yi gwajin ciwon hanta nau'in B da C, da cuta mai karya garkuwar jiki, da tarin fuka, an kuma auna aikin hanta da ƙoda da tayirod da suga, domin a san inda aka taso. Ta tambayi ko majinyaci yana da ciwon da garkuwa ke cin jiki tun asali, ko an taɓa yi masa dashen ƙoda. Ta yi wa mace maganar cewa ba a ɗaukar ciki ba a shayarwa a kan wannan magani har watanni bayan an gama, ta kuma san yadda za a shigo da maigida cikin maganar ba tare da an tada husuma ba.

Ranar allura, ta san abin da ke hannunta. Pembrolizumab ɗan ƙaramin kwalba ne mai mililita 4, ɗauke da miligiram 100. Biyu ake zuƙewa a zuba a ledar ruwan gishiri, a ɗaura na minti 30 ta layi mai matata. Ba a girgiza shi, ba a bari ya daskare, kuma dole ya zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan yana nufin firji mai sola da takardar rubuta awon sanyi safe da yamma. Idan dangi ne suka sayo da kansu, ta duba a cikin me aka kawo shi, ta duba lambar kwali, domin hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan jabun magungunan daji masu tsada.

Bayan allura, ta iya auna tsananin kowace illa da ma'auni ɗaya da likita ke amfani da shi, ta san wadda za ta jira gobe da wadda za a tashi likita daga barci saboda ita. Ta san abin da za ta gaya wa mai shan prednisolone idan azumi ya zo. A kan wannan kuma ga sauran aikin sashen daji: haɗa kemo ba tare da ta cutar da kanta ba, wanke gyambon daji, ba da mofin ba tare da tsoro ba, da zama da iyali ranar da magani ya ƙare sai addu'a.

Akwai hujja a kan cewa wannan aiki yana ƙara kwana da izinin Allah. A asibitin daji na Memorial Sloan Kettering da ke New York an raba majinyata 766 masu karɓar kemo gida biyu. Kashi ɗaya suna aika rahoton yadda suke ji ta kwamfuta, idan abu ya tsananta saƙo ya je wa nas ta kira su. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna sun fi sauran daɗewa da kimanin wata biyar. Magunguna da yawa masu tsadar gaske ba su kai haka ba. Mu ba mu da kwamfuta a kowane gida, amma da wuya ka samu gidan da babu wayar hannu.

Kaduna ta san hanyar

Ba wani baƙon abu nake nema ba. Garin nan ya daɗe yana yaye ƙwararrun nas-nas. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa tana horar da nas-nas na ido. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana horar da na kunne da hanci da maƙogwaro. A tsallaken kogi, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana horar da na masu taɓin hankali. Daga jihohi da dama ake zuwa waɗannan makarantu. Amma nas ɗinmu da ke son ƙwarewa a jinyar daji sai ta nemi gurbi a makarantar Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, ta bar gida da yara. Alhali muna da asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna, mai ɗauke da sunan Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa. Muna da Asibitin Sojoji na 44, muna da kwalejin jinya ta jiha a Kafanchan da Tudun Wada, ga kuma sashen daji na Shika kusa da mu.

Gwamnatin tarayya ta motsa a 'yan shekarun nan. A 2021 ta fara asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin mama da na bakin mahaifa da na furostet, kuma Shika na cikin asibitocin farko. A 2023 cibiyar bincike da maganin daji ta ƙasa, NICRAT, ta fara aiki ƙarƙashin Farfesa Usman Malami Aliyu. A Yulin 2025 aka buɗe sabuwar cibiyar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Gini da na'ura ana iya kammala su cikin shekara biyu idan akwai kuɗi. Nas ɗin da za ta ji murya a waya ta gane akwai matsala, sai ta yi karatu ta kuma daɗe a gefen gado. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da masu riƙe da baitulmali za su ce: mu horar da su, su tafi Ingila ko Saudiyya. Damuwar gaskiya ce. A farkon 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ya bayyana cewa nas-nas kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Amma ƙin horarwa bai tsayar da kowa ba, waɗanda suka tafi ba su jira horon daji ba. Abin da ke riƙe mutum shi ne a biya shi alawus na ƙwarewa, a ba shi kayan kariya, a kuma bar shi a sashen da ya ƙware. Babu abin da ke karya gwiwa kamar a dawo daga kwas na daji, wata uku a ga suna a takardar canjin aiki zuwa ɗakin haihuwa.

Shawarwari

Ga gwamnatin jiha da jami'arta: a nemi amincewar hukumar jinya a buɗe makarantar ƙwarewa a jinyar daji a nan Kaduna, da haɗin gwiwar Shika. Kafin nan, a riƙa tura nas-nas Abuja duk shekara da cikakken albashi, da yarjejeniyar dawowa su yi aiki su kuma koyar.

Ga shugabannin asibitoci: wannan ba ya jiran kasafin kuɗi. A buga kati, a ware waya ɗaya da ba ta mutuwa dare da rana, a rubuta tambayoyin da za a yi a manna a bango. A shirya bita ta yini ɗaya ga ma'aikatan sashen gaggawa da na ƙananan asibitoci daga Kawo zuwa Rigasa, har da masu kemis, a koya musu tambaya ɗaya: ana yi maka wani magani na daji, ko an taɓa yi maka a cikin shekarar nan?

Ga 'yan uwana likitoci: idan sista ta kira ta ce jikin wane bai yi mata ba, a saurare ta. Ita ta wuni da shi.

Ga 'ya'yana ɗalibai: na san sashen daji ba shi ne kowa ke rububi ba, ana cewa ɗakin mutuwa ne. Ku zo ku gani. Fanni ne da ke sauyawa duk shekara, mai buƙatar kaifin ƙwaƙwalwa da taushin zuciya, kuma ladansa yana wurin Allah.

Ga iyayenmu sarakuna da malamai da sauran jama'a: akwai maganin garkuwa da ya riga ya iso kowace unguwa, kuma kyauta ne. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tana cikin alluran jarirai tun 2004, tana kare yaro daga dajin hanta idan ya girma. Tun Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV mai kare su daga dajin bakin mahaifa, sau ɗaya tak. Ku taimaka mana a kan mumbari da majami'u da zaurukan masu unguwa. Ku gaya wa mata cewa ƙullutu a nono, ko jinin da ke zuwa ba lokacinsa ba, asibiti ake kai shi tun yana ƙarami, kuma allura ba ta tunzura daji.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.